Sumunina ya koma tusu'i, ko an cuce ni?

Tambaya: Barrista, maigidana ya rasu a nan Makka, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu ƙanana, mahaifinsa da mahaifiyarsa kuma suna raye. Akwai riyal 216,000 a asusunsa na banki. Na san rabon matar da ke da 'ya'ya sumuni ne, ɗaya bisa takwas, wato 27,000, amma wan mijina ya buga lissafi ya ce 24,000 zan samu, ya kuma kawo takarda in sa hannu. Ina sauran 3,000?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

A kan wannan lissafi dai wan mijinki bai cuce ki ba. Kasonnin da Alƙur'ani ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. A gidanku ke kina da 1/8, 'ya'yanki biyu suna da 2/3, surukinki 1/6, surukarki 1/6. Ba a tara irin waɗannan kasonni sai an mayar da su kan ma'auni guda, kuma ƙaramar lambar da 8 da 3 da 6 duk suke raba ta ba saura ita ce 24. Malaman gado suna kiranta asalin mas'ala. Sai naki ya zama 3, na yara 16, na iyaye 4 da 4. Ki tara: 27 cikin 24. Lambar sama ta fi ta ƙasa, ma'ana kasonnin sun fi dukiyar yawa. Da za a ba kowa cikakken nasa, sai an nemo riyal 243,000, alhali 216,000 ke ƙasa.

Maganin wannan shi ake kira auli. Ba a zaɓi mutum ɗaya a ɗora masa giɓin. Ana yanka dukiyar gida 27 ne maimakon 24, kowa ya ji ragin daidai girman kasonsa. Gida ɗaya 8,000 ke nan: ke 24,000, kowace yarinya 64,000, kowane cikin iyayen 32,000. Yaranki ma kowacce ta sauka daga 72,000. Tun zamanin Sayyidina Umar ake aiki da auli, mazhabobin nan huɗu sun tafi a kansa, kotunan Saudiyya ma haka. Irin mas'alarki har suna gare ta, Minbariyya, domin an ruwaito cewa Sayyidina Ali yana kan mumbari aka tambaye shi, ya amsa da cewa sumuninta ya koma tusu'i, wato ɗaya bisa tara. Shi kuwa wan mijinki ba shi da ko sisi a ciki, uba ya tare shi.

Abin da ya fi damuna ba 3,000 ɗin ba ne, takardar ce. Na sha ganin mace tana cikin takaba an miƙa mata wakala, wato takardar wakilci, ko takardar sarayar da haƙƙi, ta sa hannu don kunyar surukai. Kada ki sa hannu sai an karanta miki ita kin fahimta.

Sannan ba 216,000 ake rabawa kai tsaye ba. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Idan da sauran sadakinki da aka jinkirta, wanda a nan ake ce wa mu'akkhar, bashi ne a kansa, za ki karɓe shi cif kafin rabo, auli ba ya taɓa shi. Haka kuɗin da kika ranta masa ko kika ba shi ajiya, in kina da shaida. Duba takardar ɗaurin aurenku, wataƙila abin da ke can ya ninka 3,000 sau da yawa.

Hanyar da za ki bi: a fitar da takardar tantance magada, sakkul hasril warasa, ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a, da takardar shaidar rasuwa. Banki ba zai saki kuɗin ba sai da ita. Tunda yaran ƙanana ne, ki nemi kotun harkokin iyali ta ba ki takardar walicci a kan dukiyarsu idan marigayin bai naɗa wasiyyi ba; akwai kuma hukumar gwamnati mai kula da dukiyar marayu. In kun daidaita, a rubuta rabon a hukumance. In an ƙi, kina da ikon shigar da ƙarar rabon gado a ƙarƙashin dokar iyali ta 2022.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba: ko kina da juna biyu? In haka ne a dakata da wannan lissafin, domin idan namiji kika haifa auli ya faɗi, sumuninki ya dawo 27,000, iyaye su ɗauki 36,000 kowanne, ragowar 13 cikin 24 kuma yara su raba, namiji rabon mata biyu.