Hukuncin Gudummawar Zaɓe Ga Ɗan Majalisar Da Kake Da Buƙata A Gabansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfanin zuba jari a Amurka. Mai kamfanin ya ɗora mini shirya liyafar tara kuɗi ga wani ɗan majalisa da ke cikin kwamitin da ke duba dokokin haraji, in kuma bi manyan ma'aikata kowa ya rubuta nasa cekin. Ba wanda ya furta cewa don a bar mana rangwamen harajin da muke samu ne, amma duk mun san hakan. Lauyoyinmu sun ce dokar ƙasa ta yarda. Shin wannan rashawa ce? Mene ne hukuncin shigata ciki, da albashina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, yadda ka siffanta al'amarin, wannan kuɗi rashawa ce, bai halatta a bayar ba, bai halatta a karɓa ba, kuma bai halatta ka zama mai tara shi ba.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara aya ta 188 kada mu ci dukiyoyin juna da ɓarna, mu sadar da ita ga masu hukunci domin mu ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi alhali muna sane. Malaman fiƙihu sun fi kawo ayar a babin alƙalanci, amma masu hukunci sun haɗa da duk wanda aka damƙa wa yanke al'amarin jama'a. Ɗan majalisar da ke rubuta dokar haraji ma ya fi alƙali haɗari ta wannan fuskar. Alƙalin da aka saya mutum ɗaya zai zalunta a shari'a ɗaya. Dokar da aka saya kuwa za ta yi ta aiki a kan miliyoyin mutane shekara da shekaru, kuma alƙalai na gaskiya ne za su riƙa zartar da ita, don ba su da wata dokar da za su bi.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ba a furta sharaɗi ba. To, duba hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Humaid As-Sa'idi. Annabi (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi ya zauna a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Ba a ruwaito cewa masu kyautar sun ƙulla wani ciniki da shi ba. Abin da Annabi ya duba kawai shi ne: da ba don muƙamin ba, za a ba shi? Ka yi wa mai kamfaninku wannan tambayar a zuciyarka. Da a ce gobe an cire mutumin nan daga kwamitin haraji an mayar da shi kwamitin gandun daji, liyafar za ta yiwu? Kai da kanka ka ce duk kun san amsar. Kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa abin da aka saba da shi a al'ada daidai yake da abin da aka gindaya a sharaɗi. Bukhari ya kawo maganar Umar bin Abdul'aziz cewa kyauta a zamanin Manzon Allah kyauta ce, amma a yau rashawa ce. Wannan ya faɗe shi ne kusan shekara ɗari bayan hijira, ina ga zamaninmu.

Game da maganar lauyoyinku, na yarda ba ƙarya suka yi maka ba. Dokar Amurka ta taƙaita abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara kai tsaye, dala 3,300 ne a kowane zaɓe a zangon 2023 zuwa 2024, shi ya sa ake buƙatar irinka ya bi mutane ya haɗa cekuna masu yawa su zama dunƙule guda da sunan kamfani zai fito a kai. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar Citizens United a 2010 kuma, aka buɗe ƙofar kwamitocin da ake kira Super PAC, waɗanda ke karɓar kuɗi ba iyaka matuƙar ba su haɗa baki da ɗan takara a fili ba. Kotun ta tafi a kan cewa cin hancin da doka za ta hana shi ne ba-ni-in-ba-ka ƙarara, amma samun shiga wurin mai mulki da samun karɓuwa a wurinsa ba cin hanci ba ne. A nan ne muka rabu da su. Abin da suka cire daga ma'anar cin hanci shi ne ainihin abin da hadisin Ibnul Lutbiyya ya hana. Halascin doka yana kare ka daga kurkuku, kuma bin dokar ƙasar da kake zaune wajibi ne a abin da ba saɓo ba, sai dai ba ya mayar da haram halal. Giya ma doka ta yarda da ita a can.

Masu kuɗin nan ba sa fafe gora ranar tafiya. Ba sa jira sai ƙudiri ya zo gaban majalisa. Ana bayarwa ne tun da wuri, sau da yawa ga ɓangarorin biyu, don duk wanda ya ci ya ɗauki waya idan an kira. Rangwamen da kake nufi, in na fahimce ka, shi ne wanda ke sa rabon ribar da manajojin asusun jari ke ɗauka ya biya harajin kashi 20 cikin ɗari a matsayin ribar jari, alhali albashi mai yawa yana kai kashi 37. Obama ya soki wannan rangwame, Trump ma ya soke shi a yaƙin zaɓen 2016, kuma har yau yana nan. A watan Yuli na 2022 an sa gyaransa a cikin wani babban ƙudiri, aka cire shi a watan Agusta, a kwanakin ƙarshe, bisa buƙatar Sanata Kyrsten Sinema. Ban shiga zuciyarta ba, kuma ba na yanke wa kowa hukunci da zato. Abin da nake nuna maka shi ne dokar da shugabanni daga jam'iyyu biyu suka kushe amma ta gagari gyara, lallai akwai hannu mai nauyi da ke riƙe da ita. Wannan ne Allah ya yi gargaɗi a kai a Suratul Hashri aya ta 7, da ya faɗi hikimar rabon dukiyar fai'i, wato wadda aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba: don kada ta zama abin kewayawa tsakanin mawadata kawai. Kuɗi ya sayi doka, doka ta ƙara kuɗi, kuɗin ya sake sayen wata.

Abin lura, Amurkawan su kansu sun gane hakan a wani wuri. Bayan badaƙalar asusun fanshon jihar New York, wadda ta kai ga Alan Hevesi, tsohon jami'in da ke kula da asusun, ya amsa laifi a 2010, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC ta kafa ƙa'ida a shekarar: kamfanin jarin da ya ba jami'in da ke da ta-cewa a kan asusun gwamnati gudummawa, ba zai karɓi lada daga wannan asusu ba har shekara biyu. Ba a nemi a tabbatar da niyya ba, bayarwar kaɗai ta isa. Wannan shi ne saddudh dhari'a da malamanmu na Malikiyya suka shahara da shi, wato toshe hanyar da galibi take kaiwa ga ɓarna. Faransa tun 1995 ta hana kamfanoni ba da gudummawar siyasa gaba ɗaya, kotun ƙolin Brazil ma ta yi haka a 2015.

Kada a fahimce ni cewa duk gudummawar siyasa haram ce. Wanda ya ba ɗan takara daga halalinsa don yana ganin ya fi amana da cancanta, ba shi da wata buƙata ta kansa a gabansa, kuma ba ya jiran sakayya, wannan ya halatta, yana iya samun lada ma da kyakkyawar niyya. Haka nan ya halatta kamfani ya je gaban majalisa ya bayyana yadda wata doka za ta cutar da shi, da hujja da lissafi, a fili. Kamun ƙafa da hujja nasiha ce ga shugabanni. Haɗa hujjar da ceki ne ke ɓata ta, domin daga nan ɗan majalisa ba zai ƙara iya auna maganarku da ta wanda ba shi da ceki a ma'auni ɗaya ba.

Na san za a ce maka kowa yana yi, in ba ku yi ba abokan hamayya za su danne ku. Gaskiya ne jumhurun malamai sun yi rangwame ga wanda ya bayar don ya kuɓutar da haƙƙinsa tabbatacce ko ya kau da zalunci daga kansa, in babu wata hanya, zunubin yana kan mai karɓa. Amma wannan rangwame na wanda aka taka ne. Biyan haraji daidai da sauran jama'a ba zalunci ba ne da za a ce ana tunkuɗe shi, kuma gata da aka fifita ka da shi bai zama haƙƙinka don ka daɗe kana cinsa.

Saura matsayinka. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi bin Amr cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. A wata ruwaya ta Imam Ahmad an ƙara da mai shiga tsakani. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ƙari, amma ma'anarsa tabbatacciya ce da aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Don haka ka nemi a ɗauke maka wannan aiki, cikin ladabi, ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba, kuma kada ka rubuta naka cekin. Idan aka ce ka bayar za a mayar maka ta hanyar alawus, ka sani wannan ko a dokarsu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Albashinka na sauran ayyukan da suke halal a kansu halal ne, zunubin mai kamfani ba ya hawa kanka a abin da ba ka sa hannu ba. Duk wani lada na musamman da aka ba ka saboda liyafar, ka fitar da shi ga mabuƙata ba da niyyar sadaka ba. Idan tara irin wannan kuɗi ya zama shi ne jigon aikinka kuma aka ƙi sauya maka, ka fara neman wani wurin, ka zauna gwargwadon lalura har ka samu. Batun ko harkar kamfanin naku tana da riba, wato kuɗin ruwa, a ciki tambaya ce dabam, ka aiko da bayanin irin cinikin da kuke yi mu duba.

Wallahu a'alam.