Amfanin ɗamara a kan kogin ƙanƙara

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa nake tilasta wa kowane baƙo ya ɗaura ɗamarar kugu da ƙugiya kafin mu gangara Vallée Blanche, hanyar zamiya da alluna a kan kogin ƙanƙara a yankin tsaunin Mont Blanc na Faransa, alhali ba ma ɗaure juna da igiya, kuma ga sawun ɗaruruwan mutane a gabanmu. Ka ce abin ya fi maka kama da ado. To, ba ni kunnenka.

Motar igiya ce take ruɗin mutane. Tun 1955 take ɗibar jama'a daga garin Shamoni, mai tsayin mita 1,035, zuwa Aiguille du Midi, ƙololuwa mai mita 3,842, cikin kamar minti 20. Mutum ya sayi tikiti, ya bi layi, ko gumi bai yi ba, sai ya ɗauka an gyara masa hanya kamar filayen zamiya na ƙasa. Igiyoyin nan da ake kafawa a siririn doron da muke takawa bayan mun fito, su ne taimako na ƙarshe. Daga nan kusan kilomita 20 babu tuta, babu alama, babu masu sintiri, babu wanda ya riga ka zuwa da asuba ya zubar da dusar ƙanƙarar da ke shirin zaftarewa.

Abin da ke ƙarƙashinka kogi ne na ƙanƙara, yana tafiya a hankali dare da rana. Inda ya hau tudu ko ya karya kwana sai samansa ya tsage, domin ƙanƙarar sama ba ta miƙuwa kamar ta can ƙasa wadda nauyi ya danne. Tsaga ɗaya tana iya kai mita 20 ko 30 a zurfi. Sai iska ta kwaso dusa ta rufe bakinta, wuri ya yi fari sumul. Rijiya ce aka shimfiɗa wa tabarma. Wannan murfin muke kira gada, kuma rabin sana'armu sanin wace gada ce za ta ɗauki mutum yau.

Sawun da kake dogara da shi, wa ya fara shata shi? Wataƙila gwani ne, wataƙila wani ne da ya zo hutu jiya. Ko da gwani ne, da ƙarfe tara na safe ya wuce, lokacin dusa na daskare. Kai kuma ka iso ƙarfe ɗaya, rana ta dake ta, mutum ɗari sun karya kwana a kanta kowa ya kankare kaɗan. A watan Janairu gadojin ba su yi kauri ba tukuna. A Maris da Afrilu sun cika, amma zafin la'asar yana sassauta su. Ka koyi kallon ƙasa da kanka: ɗan lotsawa mai tsawo a kan farin fili, ko layin da launinsa ya ɗan sauya, ko buɗaɗɗiyar tsaga a gefe wadda in ka bi ta da ido za ka ga ta nufo ƙarƙashin sawun. Irin wannan wuri a gicciye ake tsallake shi, ɗaya bayan ɗaya, ba birki, ba tsayawa.

Allunan zamiya kuwa, dokata ba ta da sassauci: ba a cire su sai inda na laluba da sanda na ce a cire. Allo yana raba nauyin mutum a kan doguwar shimfiɗa, takalmi yana tara shi a wuri ɗan ƙarami. Gadar da ta ɗauke ka da allo tana iya haɗiye ka da ƙafa. Ka sa ido a kan mai son ɗaukar hoto, da wanda fitsari ya matsa, da wanda sandarsa ta faɗi. Masu allo guda ɗaya sun fi ba ni ciwon kai, domin da sun iso shimfiɗaɗɗen wuri sai su kwance ƙafa su fara takawa.

Yanzu ɗamara. Tsaga tana tsukewa can ƙasa, wanda ya faɗa yakan maƙale, wani lokaci kai a ƙasa. Ɗumin jikinsa yana narkar da bangon, yana ƙara nutsewa, sanyi yana cinsa. In babu ɗamara a jikinsa, ina za ka maƙala igiya? Ba za ka iya ɗaura masa ita a wannan matsi ba. In akwai, ƙugiya ɗaya ta isa a fara ja. Shi ya sa kuma nake rataya wa kowa ƙusar ƙanƙara mai murɗi: in ya faɗa a kan wata 'yar gada a ciki kuma yana cikin hayyacinsa, ya murɗa ta a bango ya ɗaure kansa kafin mu iso.

Ɗaure juna yayin gangara kuwa wahala ce, kowa yana fizgar kowa, faɗuwa ta yawaita. Muna yi ne kawai in hazo ya rufe, ko dusa ta yi ƙaranci, mu sauka a hankali kamar masu koyo. Sauran lokaci igiya tana jaka. Amma igiya biyu ce, ɗaya a wurina ɗaya a wurinka a baya, domin wanda ke gaba shi ya fi kusa da rami, kuma in ya tafi da igiyar ayari duka an shiga uku. Kada ka ce ai akwai jandarmomin ceto. Suna nan a Shamoni tun 1958, kuma sun iya aikinsu, amma jirginsu mai saukar ungulu ba ya shiga gajimare.

A magangarar Géant, inda kogin ya farfashe ya zama manyan tubalan ƙanƙara, ba gada kaɗai ake tsoro ba. Tubalan suna rikitowa ba sallama, ba ruwansu da safe ko yamma. Nan ba a tattaruwa. In an wuce, a huta a shimfiɗaɗɗen filin da ake kira Salle à Manger ko a gidan Requin, masaukin mahayan dutse. Kuma ka nanata wa baƙi: in na tsaya, a tsaya a samana, kada kowa ya gota ni ko da taku ɗaya.

Kada ka haddace hanyar bana ka ce ka san ta baɗi. Dubi Mer de Glace, ɓangaren wannan kogi na can ƙasa: ta zurma har sai da aka riƙa hawa matakala sama da 500 a nufi jirgin ƙasan Montenvers, kafin a buɗe sabuwar motar igiya a 2024. Tsagogin sama ma haka suke sauya wuri.

Gobe ba mu da baƙi. Ka zo da igiyarka da ƙusoshi biyu da kurar jan igiya, mu nemi buɗaɗɗiyar tsaga. Zan ɗaure kaina da igiya ta biyu in sauka ciki, kai ka kafa maƙali ka jawo ni, ina duba agogo.