Kada a sayar da saniyar don hoton ƙwaƙwalwa

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 24 ya yi watanni a ɗaki, ba ci ba magana. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Da ya fara sha sai ya juye: ba barci, surutu ba ƙaƙƙautawa, ya cinye jarin shagonsa cikin mako biyu. Ɗan'uwanmu da ke Faransa ya ce ƙila bifola ce, mu kai shi Yamai a yi masa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira IRM. Baba na shirin sayar da saniya. Mu sayar? Daga wata baiwar Allah a Tawa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ƴar'uwa. Ki roƙi Baba ya dakata. Ɗan'uwanku ya yi gaskiya da ya zargi bifola, ciwon da ke kai mutum ƙasa cikin ƙunci, can kuma ya ɗaga shi sama har ya fita hayyacinsa. Amma IRM ba za ta raba muku gardama ba.

An yi bincike kam, kuma babba. A 2016 gamayyar masana ta ENIGMA ta kwatanta hotunan dubban mutane, ta ga wani sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunawa, hifokamfus, ya ɗan fi ƙanƙanta ga masu bifola. Sai dai an ga irin wannan ga masu ciwon damuwa ma, kuma bambancin ɗan ƙalilan ne, sai an tara jama'a da yawa yake fitowa. Hoton mutum ɗaya, galibi mai karantawa zai rubuta cewa lafiya lau, ku dawo tafiyar fiye da kilomita 500 da takarda a hannu, saniya ta tafi.

Abin da likitan ƙwaƙwalwa ke nema yana bakinku. Ki ɗauki littafi ki rubuta: awa nawa yake barci, yana tashi garau ko a gajiye? Kwana nawa ya yi a wannan hali? Mako guda cur na rashin barci ba gajiya, da ɓarnar kuɗi, da jin ya fi kowa, babbar alama ce. Ya taɓa yin haka kafin maganin? Akwai mai irinsa a dangi? Yana shan tiramol? Wannan ta ƙarshe kada kunya ta sa ku ɓoye, don tana iya sauya hukuncin likita. Ki raka shi da kanki, saboda mai wannan ciwo ƙuncin yake tunawa, lokacin tashin kuwa gani yake lafiyarsa ce ta dawo.

Ku koma wurin likitan yau, kada ku jira. Maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai bifola, kuma likita ne zai sauya shi. In ya ce a je Yamai, sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa za ku nufa.

Hoto na da ranarsa: in an bugu a kai, ko farfaɗiya, ko shanyewar wani sashen jiki, ko ciwon ya fara bayan an manyanta. Nan likita da kansa zai nema.

Kuɗin ku tanade su don magani, jinyar doguwa ce. In an ɗora shi kan litiyam, ɗaya daga cikin magungunan bifola, akwai awon jini a kai a kai, da na ƙoda da na tayirod da ke maƙoshi. A zafin Tawa ya riƙa shan ruwa sosai, don ƙarancin ruwa a jiki na sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Kafin azumi ma a tambayi likita. In ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.