Kun Tambaya, Mun Amsa: Dariya da Hawayen Masu Kallon Kuch Kuch Hota Hai

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan fim ɗaya, wato Kuch Kuch Hota Hai na Indiya, fim na farko da Karan Johar ya ba da umarni, wanda ya fito a watan Oktoban 1998. Ga wanda bai kalla ba: Rahul da Anjali aminai ne a kwaleji. Tina, 'yar shugaban makarantar, ta zo, Rahul ya kamu da sonta, Anjali ta haɗiye nata son ta bar karatu. Rahul ya auri Tina, ita kuma ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa 'yarta wasiƙu takwas, ta ƙarshen ce ta ɗora wa yarinyar nauyin haɗa mahaifinta da tsohuwar ƙawarsa.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Kwalejin fim ɗin nan ba ta yi kama da makarantun da muka sani ba, ba yunwa, ba fargabar jarrabawa. To me ya sa mutane ke cewa ya tuna musu da makaranta, har su yi kuka?

Amsa: Malam, gaskiyarka, ko a Indiya an sha faɗin haka. Ɗalibai cikin tufafin yayi masu tsada, aji kuwa ba abin da ake tattaunawa sai ma'anar soyayya. Shah Rukh Khan ma ya haura shekara 30 lokacin da ya fito a ɗalibi, wato Rahul. Amma mai kallo ba ginin makaranta yake kewa ba. Mutanen da ya rabu da su yake tunawa, kuma an gina fim ɗin ne yadda zai taɓa wannan tabon.

Duba yadda aka faro. Fitowar farko jana'izar Tina ce. Kafin a nuna maka wasa ko ɗaya, an riga an sanar da kai cewa wannan zamanin ya wuce. Saboda haka duk dariyar da za ka yi a rabin farko, kana yin ta ne da sanin inda za ta ƙare. Da an fara da kwalejin kai tsaye, barkwanci kawai za a gani.

Sannan akwai abubuwan da aka dasa da gangan ana maimaita su: wasan ƙwallon kwando da Anjali ke cinye Rahul shi kuma ya yi maguɗi, gaisuwarsu ta musamman da tafa hannu, roƙon buri idan tauraruwa ta faɗo. A rabin farko kowannensu abin dariya ne. Bayan shekaru, da suka haɗu a sansanin hutun yara a Shimla, sai aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, amma yanzu ko gaisawa sun kasa yi ba tare da in-ina ba. A nan hawaye ke zuwa, domin mai kallo ya riga ya mallaki tunanin: abin da ya gani awa ɗaya da ta wuce ya zame masa kamar nasa tsohon zamanin. Fim ɗin ya kai kusan awa 3, kuma tsawon nan yana cikin dabarar, sai an daɗe da mutum ake kewarsa.

Ƙaramin misalin da ya fi nuna gwanintar shi ne yaron nan mabiyin addinin Sikh da ke sansanin, wanda kullum yana ƙirga taurari da yatsa, ba ya cewa uffan. Ana ta yi masa dariya. Ranar da Anjali za ta tafi ne ya buɗe baki karon farko, ya roƙe ta kada ta tafi. Jimla ɗaya tak, amma shirun da aka tara masa tun farko ya sa ta yi nauyi.

Tambaya daga wata mai karatu a Maraɗi: Yayyenmu suna ganin babu soyayyar da ta kai wannan, mu kuwa haushi take ba mu. Rahul bai ga Anjali ba sai da ta tara gashi ta ɗaura sari. Mu ne ba mu gane ba?

Amsa: Malama, kun gane sarai, kuma hujjarku tana cikin fim ɗin. A kwaleji Anjali mai gajeren gashi ce da kayan wasanni, ita ke cin wasa. Ranar da ta gwada kwalliya irin ta Tina, ɗalibai suka bushe da dariya, har da Rahul. Bayan shekara takwas da ɗoriya ta dawo da dogon gashi da sanyin murya, aka sake buga ƙwallon, wannan karon ita aka cinye, kuma daga nan idonsa ya buɗe. Wannan rauni ne na rubutu, bai kamata a rufe shi ba. Karan Johar da kansa ya amince a hirarraki daga baya cewa akwai gyara a yadda ya zana Rahul. Ga kuma Aman, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, mutumin da bai yi laifin komai ba, ya sadaukar da amaryarsa Anjali ranar ɗaurin aure. Masu kallo da yawa yanzu shi suka fi tausaya wa.

Sai dai yayyenku ma ba makafi ba ne. Abin da ya riƙe su shi ne Anjali ta rabin farko, yarinyar da ta zo da gudu za ta faɗi abin da ke ranta, sai ta tarar ana gwada a kanta kalaman da za a faɗa wa wata. Kajol, wadda ta fito a matsayin Anjali, ta yi wannan fitowar da fuska kawai, tana murmushi idonta na cikowa. Haka kuma tashar jirgin ƙasa, inda ta jefa wa Tina jan gyalenta jirgi na tafiya. Wanda ya taɓa ɓoye so saboda kunya ko gudun ɓata zumunci, a nan yake ganin kansa, kuma a al'adar da kunya ke da daraja irin tamu wannan ba baƙon abu ba ne. Kuna kallon rabi na biyu, su suna kallon na farko.

Tambaya daga Kumasi: Me ya sa idan na kalla ni kaɗai a waya ba ya ba ni dariya kamar a cikin jama'a?

Amsa: Ɗan'uwa, don zauren sinima aka tsara shi. Bayan kowane barkwancin Johnny Lever ko Anupam Kher ana barin ɗan gurbi domin dariyar jama'a ta lafa kafin magana ta gaba. Kai kaɗai, gurbin nan jan lokaci ne kawai. Idan kuma mai fassarar Hausa ka samu, ka lura ko an danne kiɗan ƙasa ko an cike wuraren shiru da surutu. Rawar da suka yi a rumfa cikin ruwan sama ba magana a cikinta, duk wanda ya sa baki a kai ya kashe ta.

Tambaya daga wani matashin marubuci a Kano: Ina rubuta fim na rayuwar jami'a irin wannan. Me zan yi ya taɓa mutanenmu, kuma a ina ake faɗuwa?

Amsa: Ƙanena, fara da tsayar da shekara. Kewa ba ta kama mutum sai da takamaiman abu. Idan ɗalibanka na shekarar 2000 ne, ba su da wayar hannu, domin sai 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. Saƙo a takarda ake ba ƙawa ta kai ɗakin kwanan 'yan mata. Idan na wajen 2011 ne, 2go ne da BlackBerry. Waya ɗaya da ba ta dace da zamaninta ba ta isa ta fitar da mai kallo daga labarin. Ka sa risho da garin kwaki, layin ɗiban ruwa, rububin kama kujera a babban ɗakin lakca, cunkoso gaban allon sakamako, yajin aikin malamai da ke mayar da shekara huɗu ta zama biyar ko shida. Abin da fim ɗin Indiyan ya bari, kai shi ne jarinka.

Abokai kada su wuce biyar ko shida, kowanne da hali ɗaya da za a gane shi da shi cikin minti goma sha biyar na farko. Zaɓi abubuwa uku da za ka dasa, ka nuna kowanne sau biyu cikin raha, na ukun ka ajiye shi sai bayan rabuwa. Sau biyu a duk fim ɗin bai isa a riƙe ba, sau biyar gundura ne. Tazarar shekarun ta kai takwas zuwa goma sha biyar, yadda aure, aiki da rashi za su sami wurin shiga.

Wuraren faɗuwa sanannu ne. Na farko, tsufar kwalliya: a shafa wa jarumi hoda a gemu a ce ya manyanta, alhali tafiyarsa da maganarsa ba su sauya ba. Girma a murya yake da abin da mutum ya daina faɗa. Na biyu, dalilin rabuwa mara ƙarfi. Idan kiran waya ɗaya zai warware matsalar, jama'a za su yi tsaki. Ka nemi dalili daga rayuwarmu, kamar an yi mata miji kafin ya gama bautar ƙasa. Na uku, kwafar runguma da rawar ruwan sama. Ban da cewa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba za ta bari ba, iyali ba za su zauna su kalla tare ba, kuma irin wannan fim da taron gida yake rayuwa. Na huɗu shi ne kuskuren Rahul da muka ambata a sama: kada jarumarka ta zama sai ta sauya kamanni kafin a ga darajarta.

Kafin ka saki fim ɗin, tara mutum ashirin zuwa talatin waɗanda ba abokanka ba, rabi ɗalibai, rabi waɗanda suka gama da jimawa, maza da mata. Zauna a baya da agogo da takarda. Rubuta mintin da aka yi dariya, da mintin da hasken wayoyi ya fara tashi, domin nan ne ka rasa su. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kara za su yi maka. Ce musu su lissafo sunayen abokan, su kuma faɗi fitowa ɗaya da za su ba wani labarinta. Duk wanda aka manta sunansa, ko dai ka ƙara masa fitowa a rabin farko ko ka cire shi gaba ɗaya.