Gyaran gidanmu ya shiga wata na bakwai, haƙurina ya kusa ƙarewa

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. A Unguwar Rogo muke zaune, nan Jos. Maigidana ya kawo magina su ƙara ɗaki biyu, su zuba dekin, su sake filastar tsohon ɓangaren. Wata uku suka ce, ga shi mun shiga na bakwai. Ni da yara huɗu muna cushe a ɗaki ɗaya, ƙura har cikin tukunya, na fara yi wa kowa tsawa. Cutarmu ake yi, ko haka gini yake?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Zama cikin gidan da ake gyarawa ya fi jiran sabon gini wuya, domin ke kike shaƙar ƙurar. Amma jinkiri iri biyu ne, kuma ɗaya ne kawai ya cancanci haƙurinki.

Akwai wanda ginin da kansa yake nema. Kankare da ruwa yake yin ƙarfi, shi ya sa ake yi masa ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. A lokacin bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai ya kwana 28 ake lissafin ya cika. Sandunan da suka tokare dekin kuwa, ni ba na yarda a cire su kafin sati uku. A Jos ma abin ya fi haka jan rai: sanyin Disamba da Janairu yana rage wa siminti saurin kamawa, iskar hunturu kuma ta busar da samansa da wuri har ya tsattsage. Haka filasta, tana son sati uku zuwa huɗu kafin fenti, a ruwan Yuli da Agusta ta fi haka. In aka matsa, bayan wata biyu za ki ga fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ga shi tsohon gida ba ya faɗin ciwonsa sai an fasa bango, a tarar da bututun da ya ruɓe ko wayar da ɓera ya ci. Duk ranar da kika ga birkila yana zuba ruwa kawai bai ɗora bulo ba, aiki yake yi, ki yi masa sannu.

Ɗaya jinkirin kuwa na mutane ne da kuɗi. Magini ya karɓi kafin alƙalami mai yawa, ya riƙe aiki uku a unguwa uku, kowa ana ba shi "gobe". Wani lokacin farashi ne ya karya lissafi, kamar farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000. A nan maigidanki, Alhaji, ne zai zauna da maginin. A rubuta abin da ya rage mataki-mataki, a biya kowane mataki bayan an gama shi, a riƙe kashi 10 cikin ɗari sai ranar miƙa makulli. Katako da kwano a saye su tun yanzu, ga Kasuwar Katako kusa da ku, ba a fafe gora ranar tafiya. Siminti ne dai kar a tara ya wuce wata uku, kuma a ɗora shi kan katako, kar ya taɓa ƙasa.

Maganar zuciya kuwa, wani gida da na kula da aikinsa a Bukuru ya koya mini abin da har yau nake ba mutane. Yaran gidan suka ɗauki gawayi, duk ranar da magini ya ce "gobe" sai su ja layi a bangon da ba a yi wa filasta ba. Da layi ya kai sha biyu, suka kira shi ya ƙirga da kansa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, uwar gidan ma haka, washegari da sassafe sai ga shi da leburori biyu. Ki bar naki yaran su yi irin wannan, ki kuma riƙa ɗaukar hoton kusurwa ɗaya duk Juma'a, za ki ga aikin yana tafiya ko da idonki ya ce a tsaye yake.

A satin nan ki roƙi Alhaji abu ɗaya: a fara kammala kicin da ɗaki guda, a rataya tamfol a ƙofar da ta raba ku da wurin aiki, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara. Allah ya sa ku shiga lafiya.