Tambayi Mai Wayarin: Makunnai uku, yaya haske zai ragu da kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Barandar gidana ƙwayayen LED huɗu ne, makunnai uku ke kunna su: bakin ƙofar shigowa, gindin bene, da ƙofar ɗakin Hajiya mahaifiyata. Tana fitowa alwala cikin dare, hasken kuma sai ya tada yara. Ina so ya ragu da kansa bayan Isha'i, ya dawo da Asuba. In sayi na'urar rage haske guda uku ne?
Mai karatu daga Gesse, Birnin Kebbi

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka, guda ɗaya tak kake bukata. In ka jera biyu a layi ɗaya, kowace na datse wutar da 'yar'uwarta ta riga ta datse, sai ka ga ƙwai yana ƙyaftawa yana ƙugi. Direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya.

Kada kuma a ruɗe ka da ƙwan nan da ake sarrafawa da waya. Hajiya na danna makunni wuta ta yanke masa, tsarin lokacin ya tsaya har sai an sake kunnawa.

Abin da za ka nema shi ne ƙaramar na'ura irin Shelly Dimmer, mai hawa Wi-Fi. A nan aikin yake. Yawancin irinsu suna son layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wayar da wutar ke komawa ta cikinta), alhali a wayarin irin na Ingila da muke yi, sau da yawa nutural ba ya sauka akwatin makunni, a sama yake tsayawa. Baƙar wayar da ka gani a akwatin ma tana iya zama layif ce da ta dawo daga makunni, don haka a gwada da mita, kada a yi shaida da launi. Ni dai a silin nake ɗora na'urar, kusa da ƙwan farko. Daga nan makunnan uku sun daina ɗaukar wutar ƙwai, saƙo kawai suke kai mata. In son samu ne a canza su da masu dawowa, irin na ƙararrawar ƙofa: dannawa ɗaya ya kunna ko ya kashe, riƙewa ya rage ko ya ƙara, daga kowace ƙofa.

Duba kwalin ƙwayayenka. In ba a rubuta ana iya rage haskensu ba, sai an canza, kuma a sayo iri ɗaya. Huɗu masu wat 9 sun tashi wat 36, sun ishi na'urar.

Kana da inbata? Ta zama mai ba da tsaftatacciyar wuta, domin ta arha da ƙaramin janareta kan sa hasken rawa. Fanka kuwa kada ta shiga wannan layi ko kusa.

A manhajar waya za ka sa lokutan, ka riƙa gyara su yadda Asuba ke matsawa tsakanin hunturu da bazara. Akwai kuma wurin zaɓar abin da na'urar za ta yi in an dawo da wuta, wanda masu haɗawa kan tsallake. Sa ta koma yadda take kafin a ɗauke, in ba haka ba ƙarfe 2 na dare baranda ta cika da haske. Kada ka rage fiye da yadda Hajiya za ta ga matakala da buta; a kira ta ta gwada da idonta. Wutar nan bolt 230 ce, a kashe babban makunni da na inbata kafin mai gyara ya hau tsani.