Sikanin ya nuna lafiya lau, shin na tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 37, 'ya'yana huɗu. Sankarar ƙwan mace ce ajalin mahaifiyata tana da shekara 49, yayarta kuma sankarar mama ce ta ɗauke ta. Tun lokacin barci ya ƙaurace mini. Duk wata shida ina yin sikanin, bara na yi gwajin bakin mahaifa, duka an ce lafiya lau. Ina kuma shan maganin wanke mahaifa da wata ta haɗa mini. Hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Mama da yayarta, Ya sa jinya ta zama kaffara. 'Yar'uwa, bai wadatar ba, kuma gara ki ji daga bakina tun yanzu.

Irin tarihin gidanku shi ke sa mu zargi tangarɗa a ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2. A cikin mata gaba ɗaya, kamar 1 cikin 100 ke kamuwa da sankarar ƙwai, amma masu tangarɗar BRCA1 sukan kai 40 cikin 100. Idan Mama na ɗauke da ita, rabi da rabi ne ko kin gada. Kada wani ya ce miki cutar Turawa ce: binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya samu wannan tangarɗa a jikin sama da 1 cikin 10 na masu sankarar mama da aka gwada.

To, batun sikanin. Ba ranar da za ta wuce mace ba ta zaro mini takarda a ninke daga jaka ba, tana murmushi, wai an duba ba komai. Wannan takardar ce ke ba ni tsoro. Mafi munin sankarar ƙwai galibi daga bakin bututun ƙwai take tsirowa, tana ƙanƙanuwa yadda na'ura ba ta iya hango ta, kafin ta nuna kanta ta riga ta bazu a ciki. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 shekara da shekaru, wasu ana yi musu sikanin, wasu gwajin jini na CA-125, sauran ba a yi musu ko ɗaya ba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mace-macen ba su ragu ba. Can ke nan fa, inda ga kayan aiki ga ƙwararru, balle shagon da ke bayan kasuwa, wanda mai riƙe da na'urar ko takardar shaida ba shi da ita, ya shafa miki mai a mara minti uku ya karɓi kuɗinsa. Gwajin bakin mahaifa kuwa ki ci gaba da yi, amma bakin mahaifa kaɗai yake dubawa, ba ruwansa da ƙwai.

Maganin wanke mahaifa ki zubar da shi yau. Abin da ke rubuce a ƙwayar gado jiƙo ba ya goge shi. Masu sayar da shi su ne ke cewa kumburin ciki da saurin ƙoshi, waɗanda kan zama alamun wannan sankarar, wai sanyi ne, har mace ta iso mana ciki cike da ruwa.

Ki je asibitin koyarwa, ɓangaren mata, ki nemi gwajin gado. Yana da tsada, sau da yawa sai an tura jinin waje, amma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Idan an samu tangarɗar, abin da ya tabbata yana kare rai shi ne tiyatar cire ƙwai da bututunsa bayan kin gama haihuwa: tsakanin shekara 35 zuwa 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2. Tana rage haɗarin da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Al'ada za ta ɗauke nan take, ga zafin jiki da raunin ƙashi, amma akwai maganin homon da ake bayarwa muddin ba ki taɓa yin sankarar mama ba. Kafin lokacin, ƙwayoyin tazarar haihuwa na rage haɗarin da kusan rabi, sai dai likitanki ne zai auna ko sun dace da ke. Sankarar mama ma tana buƙatar nata sa idon daban.

Ranar da za ki zo, ki taho da Maigida ya ji da kunnensa. Ki kuma zauna da tsofaffin gidanku ki rubuto wa ya yi wace sankara, yana da shekara nawa, har dangin Baba, domin uba ma yana gadar da ita.